Umaru da Ɓerayen Masar

Wata na bakwai ke nan Umaru yana zaune gidan ɗansa a Tanut, shi da aka kawo da sunan sati biyu.

Ciwon ya same shi ne a bakin rijiya, can arewa da Belbeji, yana tsaye yana kallon shanunsa suna shan ruwa. Ya ji kamar an zare masa ƙafar hagu, ya faɗi, da ya farfaɗo kuma hannun hagun ma ya ƙi ɗaguwa. Dado, ɗan ƙaninsa, shi ya ɗora shi kan jaki har bakin hanya, mota ta kawo shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne. Ya ce a raba shi da rana, a raba shi da gishiri, a raba shi da doguwar tafiya. Idris, babban ɗan Umaru, wanda aka sa lakwal, wato makarantar boko, tun yana ƙarami har ya zama mushe, malamin makaranta ke nan, ya riƙe maganar likitan nan gam. Shanun da suka rage, goma sha huɗu, aka bar su hannun Dado.

Gidan Idris siminti ne daga bakin ƙofa har bangon baya. Ɗaki uku, rumfar kwano ɗaya, da ƙofar ƙarfe mai koren fenti. Da safe Idris ya tada moto, babur ɗinsa, ya tafi lakwal, matarsa Zalika, wadda ungozoma ce, ta rataya jaka ta nufi asibiti. Wanda ya fita ƙarshe shi ke danna kwaɗo ta waje. Umaru ne ya jawo wa kansa kwaɗon nan, don tun satin farko ya faɗa wa ɗan nasa a fili cewa ranar da ya ga ƙofa buɗe tasha zai nufa.

Daga fitarsu har azahar babu wanda ke numfashi a gidan sai shi da ɓerayen Masar guda huɗu.

Na Zalika ne. Wata abokiyar aikinta da aka mayar Damagaram ce ta bar mata su, ta sa kafinta ya ƙera musu akwati mai raga, aka ajiye ƙarƙashin rumfa, taku uku daga tabarmar Umaru. Tana ji da su ƙwarai. In ta dawo aiki, kafin ta cire takalmi sai ta tsuguna gabansu, su kuwa su dinga wata ƴar ƙara kamar fito. Duk abin da gidan ya ci sai sun ci: ɗumamen tuwo, shinkafa da miya, burodi, har biskit take saya musu. Dusa kuwa kullum kwanonsu cike yake.

Umaru bai taɓa ɗaukar su dabbobi ba. Abin da ba a tatsa, ba a hawa, ba ya bin mutum daji, me za a kira shi? Juya musu baya yake yi, ya fuskanci bango, ya yi ta jan casbi yana sauraren motocin da ke wucewa kan hanyar Agadas.

Amma mutumin da ya shekara sittin yana duban tafiyar dabba ba ya iya hana idonsa aiki. Da bazara ta kankama sai ya lura jar cikinsu ta daina gudu, tsalle take yi ƙafafun baya a haɗe, kamar wadda ta taka ƙaya. Bayan kwana biyu farar ma ta fara. Gashinsu ya tashi birci-birci, yana zuba. Jar tana zuwa bakin kwano, ta sunsuna, ta koma lungu, haɓarta sharkaf da yawu.

Wata safiya ya ja jiki ya matsa, ya buɗe akwatin da hannunsa mai lafiya, ya kamo jar. Ba ta ko yi yunƙurin gudu ba. Ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓenta kamar yadda yake yi wa ɗan maraƙi. Haƙoran gaba sun yi tsawo har sun karkace, dasashin ya kumbura, da ya ɗan taɓa sai ga jini.

“Kayya,” ya ce, shi kaɗai a tsakar gida. “Yunwa ke cin ki, ga kwano cike.”

Zalika surukarsa ce, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba, balle ya ce mata ta yi ba daidai ba. Don haka ya jira Idris ya dawo ya zauna cin abinci. Ba ya kiran sunan ɗan fari, sai ya yi gyaran murya.

“Abubuwan can na cikin akwati, ba tuwo ne abincinsu ba.”

Idris ya yi dariya. “Baba, yanzu kuma kiwon ɓeraye ka koma?”

“Haƙoransu na masu cin ciyawa ne. Ka gaya mata.”

“To, zan gaya mata. Ka sha ƙwayar rana?”

Bai gaya mata ba. Ran Alhamis da safe aka tarar da jar ta sandare a lungun akwati. Zalika ta ɗauke ta a tafin hannu biyu, ta tsaya tsakar gida da farar rigar aikinta, hawaye na zuba. Idris ya riga ya fita. Umaru ya dubi tabarma, ya dubi bango, sa'an nan ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Ƴata, farar ma tana hanya. In ba a canza musu abinci ba, kafin damina ba sauran ko ɗaya.”

Ta juyo da sauri. Wata bakwai, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mata. Ta durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, me na yi musu?”

“Ba ki yi musu komai ba sai alheri. Amma dabba mai irin haƙorin nan, in ba ta wuni tana tauna ciyawa ba, haƙorin tsiro yake yi har ya hana ta ci. Kuma jikinsu ɗanyen ganye yake nema. Haka raƙumi ma yake lalacewa in ya daɗe bai ga kore ba.”

Ranar daga asibiti ta kira wani likitan dabbobi da ta sani a waya, ya tabbatar mata da maganar tsohon. Ya ce busasshiyar ciyawa kada ta yanke musu dare da rana, ɗanyen ganye kullum, tattasai in da hali, dafaffen abinci kuwa ko kusa, albasa ma haka. Ta biya kasuwa ta dawo da damin harawa da leda cike da salati da karoti da tattasai. Tana shirin juye ledar gaba ɗaya cikin akwatin Umaru ya ɗaga hannu.

“A'a. Saniyar da ta sha rani, in ta faɗa sabuwar ciyawa ta ci son ranta, ciki ke kumbura ya kashe ta. Ganye ɗaya yau. Gobe biyu.”

Ya jawo damin harawar ya cusa hanci ciki, ya ture shi gefe. “Wannan ya sha ruwa a rumbu, ya yi fumfuna. Kuma harawa kaɗai ta yi musu nauyi. Ciyawa za a nemo, siririya, irin burburwa ko harkiya.”

Zalika ta ce, “Baba, ni ƴar manoma ce, gero da gyaɗa na sani. Ka riƙe mini su.”

Washegari dai da ta fito ta tarar ya zubar da dusar, ya wanke kwanon ruwansu da toka.

Ciyawa a Tanut cikin bazara sai an tona. Abin da masu jakuna ke kawowa kasuwa rabinsa yashi ne, rabi ƙarangiya. Zalika ta sayo abin da ta samu, Umaru ya baje shi kan tabarma, ya danne da gwiwa, ya dinga tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya da hannu guda har yatsunsa suka yi jini. Abin da zai tace daga safe zuwa hantsi bai fi cikin ƙwarya ba, su ukun kuma kafin azahar sun cinye. Tattasai yakan yanka shi siri-siri da ƴar wuƙarsa, ya cire ƴaƴan. Karoti sai bayan kwana biyu, guntu kamar kan yatsa, don ya ga in sun samu zaƙi suna raina ciyawa. Farar da ba ta iya tauna, ya daddaka mata ganyen salati ya dinga tura mata a gefen baki, ya kuma sa mata ɗan reshen aduwa ta goga haƙori.

Sannu a hankali farar ta fara taka ƙafa. Sai kuma motar kayan lambu da ke zuwa daga Damagaram ta yi kwana biyar ba ta zo ba, zafi ya ƙone ɗan abin da ke kasuwa, salati ya ɓace. Umaru ya sake yi wa ɗansa gyaran murya.

“Ka bar ni in fita da sanyin safiya. Garin nan ba zai rasa wurin da ruwa ke kwanciya ba. In na ga ciyawa na san ta.”

“Baba, likita ya ce…”

“Na ji abin da ya ce.”

“In ka faɗi a hanya fa? Me zan gaya wa dangi? Su ce na kawo ka birni na sake ka kana yawon neman ciyawar ɓera?” Idris ya ajiye cokali. “Ka yi haƙuri. Don lafiyarka ne.”

Zalika tana bakin murhu, ta ji komai. Kashegari ita ce ta fita ƙarshe. Umaru ya ji ta ja ƙofar, ya ji ta tsaya jim, sa'an nan takunta ya yi nisa. Bai ji ƙarar kwaɗo ba.

Ya daɗe zaune yana kallon ƙofar. Daga baya ya naɗa rawani, ya rataya buhu a kafaɗa, ya ɗauki sandarsa.

Waje ya fi yadda yake zato faɗi, ƙasar kuma yashi ce mai cin ƙafa. Ya dinga jefa sanda, ya ja ƙafar hagu, ya jefa, ya ja. A bakin babbar hanya ya tsaya. Tasha tana hannun dama, yana hango motocin da ake yi wa lodi. Nan ya gane ko an ba shi kujera kyauta ba zai kai wurin ba, don tuni gwiwarsa ta fara rawa, bai kuwa yi taku ɗari uku ba. Wani garke ya zo wucewa, jajayen shanu masu dogon ƙaho, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje. Makiyayin da ke bayansu ya dube shi kamar yadda ake duban kowane tsoho na gari, ya wuce ko sallama babu.

Umaru ya juya hagu, ya bi wata tattabara da ya ga tana sauka bayan wani bango. Famfon unguwa ne a wurin, inda mata ke ɗibar ruwa, bututun yana ɗiga ta ƙasa. Gefen kwatar kuwa ga ciyawar ƙiri-ƙiri kore shar, ta shimfiɗu kamar faɗin tabarma biyu. Ya saki sanda ya durƙusa. Ya bar wadda ke kusa da ruwan wanki, ya dinga tumɓuke ta sama-sama mai tsabta, har da saiwarta, yana cusawa a buhu. Ƙamshin ɗanyar ƙasa ya cika masa hanci. Bai san rana ta ɗaga ba sai da ya ji gumi na shiga idonsa.

Da ya zo tashi, ƙafar ta ƙi. Ya dafa sanda, ta zame. Ya sake gwadawa, ya koma zaune cikin laka. Mata suka kewaye shi, wata na cewa a kira jandarma, wata na tambaya ko mahaukaci ne. Indo, wata dattijuwa mai sayar da ruwa a amalanken jaki, ita ta kore su.

“Ku ba shi iska. Baba, gidan wa kake?”

Ya buɗe baki, sunan ɗan fari ya tsaya masa a maƙogwaro. “Gidan mushe,” ya ce. “Mai koriyar ƙofa.”

Haka aka kawo shi gida, zaune tsakanin jarkokin ruwa, riga duk laka, ya rungume buhun ciyawa. Labari ya riga shi isa lakwal. Idris ya iso a guje, ya ga uban nasa lafiya, sai tsoron ya juye ya zama faɗa, ya sauke shi kan Zalika da ta dawo. Umaru yana ƙarƙashin rumfa yana jin muryoyinsu ta taga.

“Da ya mutu a bakin famfo fa? Ke za ki amsa?”

“A nan ɗin ma mutuwa yake yi, kai ne ba ka gani.”

“Ubana ne ko naki?”

Daga ranar makulli ɗaya ya rage a gidan, yana aljihun Idris, shi ke jira kowa ya fita ya kulle. Kwana uku Zalika na kawo wa Umaru abinci ba ta ɗaga kai. Ƙafar tasa ta kumbura, sai da ya yi sati bai taka ba.

Ciyawar dai ya wanke ta sau uku, ya shanya a inuwa, ya raba ta kwana huɗu. Saiwoyin kuma ya sa Zalika ta cika masa wani tsohon daro da ya huje da ƙasa da ɗan taki, ya dasa su, ya koma yin alwala a kansa. Cikin sati biyu daron ya yi kore. Ba ya isar su, amma kowace safiya yana samun cikin hannu ɗaya da zai yanka.

Ana cikin haka Dado ya zo cin kasuwa, ya kawo cuku da man shanu. Ya tsuguna gaban baffan nasa, suka daɗe suna gaisawa da Fulatanci. Ya ce an yi ruwa sau biyu a arewa, ciyawa ta fara tsirowa, jibi za su tashi da shanu.

Umaru ya rage murya. “Ka nemo mota. In na kai bakin hanya, jaki ya ishe ni.”

Dado ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. “Baffa, mun yi magana da Idris a waya. Ya ce a bari ka ƙara ƙarfi. Wata daminar, in Allah ya kai mu.”

“Kai ma?”

“Tafiyar bana da nisa, Baffa. In ciwon ya tashi a daji, ina zan kai ka?”

Umaru ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance kan cinya. Bai sake roƙo ba. Sai da Dado ya miƙe zai tafi ya ce, “Ka san fadamar nan da ke gabas da rijiyarmu, inda gawo uku suke? In ciyawa ta kai taƙi ɗaya, ka yanko mini buhu. Ka shanya a inuwa, ba a rana ba. Ka haɗa da guɗe-guɗe da gadagi kaɗan.”

“Wa za a ba?”

Ya nuna akwatin da haɓa. Dado ya leƙa, ya ga abubuwa uku masu gashi suna tauna, ya fara dariya, ya dubi fuskar baffansa, ya haɗiye ta.

Damina ta sauka a Tanut ma. Ruwa ya dinga dukan kwanon rumfa har ba a jin magana, ya taru kan siminti, ya fice ta ƙarƙashin ƙofa. Masu jakuna suka fara kawo ɗanyar ciyawa, salati ya dawo kasuwa. Ɓerayen suka murmure, gashinsu ya kwanta, farar da aka fid da rai da ita ta fi kowa gudu. In Umaru ya motsa a tabarma su uku suke tasowa bakin raga suna fito. Likita kuwa da aka koma wurinsa ya auna shi ya ce jinin ya sauka, amma a ci gaba da yadda ake yi.

Bayan sati biyar wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya sauke buhu a ƙofar gida. Idris ya shigo da shi ya ajiye ƙarƙashin rumfa. Umaru ya kwance bakin da haƙori da hannu ɗaya. Dado ya yi yadda aka ce, ciyawar ta bushe amma ba ta rasa korenta ba. Ya tura hannu har gwiwa yana juyawa, yana fito da ita tafi-tafi, yana sunsunawa. Can ƙasa yatsunsa suka ci karo da wani abu mai tauri. Guntuwar busasshen kashin shanu ce, ta shigo cikin yanka.

Ya ɗaga ta ga haske, ya ɓare ta biyu, ya murtsuke tsakanin yatsu. Akwai yashi a ciki fiye da kima.

“Shanun nan ƙasa suke lasa,” ya ce. “Kanwa suke nema. Yaron nan bai kai su wurin gishiri ba. Ka kira shi ka gaya masa kada ya wuce satin nan.”

Idris yana tsaye da makulli a hannu, ya makara. “To, Baba, zan kira shi in na fito aji.”

“Yau.”

“Yau, in sha Allah.”

Ya tura moto waje, Zalika ta bi bayansa da jakarta. Umaru bai san ko za a yi kiran ba, ba shi kuma da hanyar sani sai Dado ya sake zuwa kasuwa, watakila bayan kaka. Ya goge hannu a riga, ya ware guɗe-guɗe gefe ɗaya, gadagi gefe ɗaya, ya ɗebi cikin tafi daga kowanne ya gauraya da wadda suka saba ci, don kada sabon abu ya ɓata musu ciki. Sauran ya ɗaure bakin buhun, ya ja shi da ƙyar ya ɗora kan bulo biyu inda feshin ruwa ba ya kaiwa.